Katin sadarwa ya ɓace ana tsakiyar ɗora Windows: wace hanya za ka bi?

Wanda ya saba ɗora Windows a kan kwamfutoci da yawa ta waya, wato ta PXE, ya san wannan abin takaici. Kwamfuta ta tashi, ta karɓi adireshin IP, ta jawo fayil ɗin tayarwa daga sabar lafiya lau, alamar Windows ta fito, sai komai ya tsaya cik. A MDT, manhajar Microsoft ta ɗora Windows a kan kwamfutoci da yawa, saƙo ne zai bayyana cewa an kasa kaiwa ga rumbun da ake ɗebo kaya, a ƙasansa kuma wani layi mai farawa da PCI\VEN. A Configuration Manager, babbar manhajar Microsoft ta kula da kwamfutocin ma'aikata, wanda har gobe mutane ke kira SCCM, sau da yawa ko saƙon ma ba ka samu. Allo zai nuna ana shirya haɗin sadarwa, jim kaɗan na'urar ta sake tashi da kanta kamar ba a yi komai ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne, ai yanzun nan sadarwar ta yi aiki, to me ya same ta? Amsar ita ce direbobi uku ne daban-daban, wato ƙananan manhajojin da ke sa kati ya yi aiki, ke riƙe da katin sadarwar nan guda, kowanne da lokacinsa. Na farko yana cikin famwayar na'urar, wato manhajar da ke fara tayar da ita, UNDI a tsohon BIOS, SNP a UEFI, kuma aikinsa bai wuce neman adireshi ta DHCP da jawo fayil ta TFTP ba. Da zarar boot.wim, wato hoton tayarwa, ya gama sauka cikin RAM, WinPE, ƙaramin Windows ɗin da ke cikinsa, ya karɓi ragama, wancan direba ya gama nasa, dole WinPE ya zo da na kansa. Bayan an shimfiɗa Windows a kan faifai an sake tayarwa, shi ma cikakken Windows ɗin yana bukatar nasa. Saboda haka kafin ka zaɓi magani, sai ka san a wane mataki aka yi ɓarin.

Bincike na minti biyu

A cikin WinPE danna F8, taga mai baƙin allo za ta buɗe. A MDT wannan yana aiki kai tsaye, a Configuration Manager kuwa sai an kunna damar a kan hoton tayarwa tukuna, kuma a tuna a kashe ta bayan an gama, domin duk wanda ya samu tagar nan yana iya leƙa bayanan sirri na aikin. Rubuta ipconfig. Idan bai nuna kati ko ɗaya ba, lallai direba ne babu. Idan ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, direba yana nan daram, DHCP ne bai amsa ba, kuma laifin galibi yana wajen suwic, na'urar da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a cikinta: tsohon tsarin Spanning Tree kan riƙe kafa daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya bar bayanai su wuce, WinPE kuma ba ya da wannan haƙurin. Kunna PortFast, saitin da ke tsallake wannan jira, a kafofin da kwamfutoci ke shiga ya wadatar. Haka nan idan an kafa tsarin tantancewa na 802.1X a kan kafar, WinPE ba zai wuce ba sai an yi masa tanadi na musamman. Idan kuwa adireshin daidai yake, to ka bar direba ya huta, ka duba DNS da sunan shiga da izinin rumbu. Na sha ganin an cika hoton tayarwa da direbobi har ya kumbura, alhali saiti ɗaya ne a suwic ya hana ruwa gudu.

In ka tabbatar direba ne, layin nan na PCI\VEN shi ne jagoranka. Lambobi huɗu na bayan VEN suna faɗa maka wanda ya ƙera katin: 8086 Intel, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom. Na bayan DEV kuma su ne ainihin samfurin. Wannan na da muhimmanci domin sunan kasuwa yana yaudara. Katin Intel I219-LM, misali, suna ɗaya ne amma lambobin DEV ɗinsa suna sauyawa daga wannan zubin na'urori zuwa wancan, shi ya sa direban I219 da ya yi maka aiki a kan tsohuwar Dell OptiPlex zai iya kallon sabuwa ya ce bai san ta ba. Buɗe fayil ɗin inf da Notepad ka nemi lambar. In babu ita a ciki, kada ka wahalar da kanka.

Sannan ka gwada kafin ka taɓa sabar. Zuba direban a filash, ka soka, ka rubuta drvload da hanyar fayil ɗin inf, sai wpeutil InitializeNetwork, sai ipconfig kuma. Adireshi ya fito, ka samu direbanka. Bai fito ba, ka gwada na gaba. Wannan ya fi a sake gina hoto sau biyar ana canki-canka.

Hanya ta farko: cusa direban cikin hoton tayarwa

Ita ce hanyar da aka fi bi, kuma a ganina ita ce madaidaiciya ga mafi yawan mutane. Da hannu, DISM ne ke yi, wato umarnin Windows na gyara irin wannan hoto: ka buɗe boot.wim da /Mount-Image, ka ƙara direba da /Add-Driver, ka rufe da /Unmount-Image tare da /Commit. A MDT ana shigo da direban cikin wani babban fayil da aka ware wa WinPE kaɗai, a ɗaura masa bayanin zaɓi nasa, a sabunta rumbun, sannan a je WDS, sabar da ke raba hoton ta PXE, a maye gurbin tsohon hoton da sabo. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Mutum ya yi komai daidai, amma WDS na ci gaba da raba hoton jiya, shi kuma yana ta rantsuwa cewa direban bai yi ba. A Configuration Manager ma haka ne, sai an tura sabon hoton zuwa wuraren rabawa.

Alfanunta a bayyane yake. Gyara ɗaya ne, kuma duk kwamfutar da ke da irin wannan kati ta warke. Ba ka sayi komai ba, ba ka zagaya ɗaki da filash ba.

Matsalarta ita ce haɗama. Akwai mai cewa tunda haka ne bari in zuba duk direbobin da na mallaka a huta, kamar mai ɗaukar kayan ɗaki gaba ɗaya a a-kori-kura don zai kwana ɗaya a ƙauye. Hoton tayarwa ta TFTP yake sauka, kuma TFTP ba ya da sauri, don haka kowane ƙarin nauyi kowace kwamfuta sai ta jira shi. Abin da ya fi wannan muni shi ne karo tsakanin direbobi: wani tsohon direba ya ce shi ne mai katin, a ɗora shi, kati ya ƙi tashi ko na'ura ta yi shuɗin allo. WinPE abu biyu kawai yake bukata, ya ga waya ya ga faifai. Sauti, hoto, bulutut, na'urar karanta yatsa, duk ba su da hurumi a nan.

Daga ina za a ɗebo direban? Dell da HP da Lenovo kowannensu yana fitar da ƙunshin direbobi na musamman don WinPE, wanda aka tace aka bar na sadarwa da na faifai. Idan kwamfutocinka na kamfani ɗaya ne, ɗauki nasu ka wuce. Idan gauraye ne, kada ka zuba ƙunshi ukun gaba ɗaya, domin a ƙarƙashin murfi yawancinsu Intel ne ko Realtek, sai ka tara kwafi uku na abu guda masu shekaru daban-daban. Gara ka je wajen Intel ka ɗauko nasu na baya-bayan nan, ka zaɓi babban fayil da ya dace. A cikin ƙunshin Intel, katunan gigabit irin I219 suna ƙarƙashin PRO1000, su I225 da I226 masu gudun gigabit 2.5 suna PRO2500, kuma kowanne an raba shi bisa zubin Windows. Wajibi ne direban ya dace da zubin WinPE, ba da Windows ɗin da kake shirin ɗorawa ba. Wannan bambanci ya kayar da mutane da yawa. Kuma fayil ɗin inf ake so da abokan tafiyarsa, sys da cat, ba manhajar girkawa mai exe ba. In exe ka samu, sai ka warware shi tukuna.

Hanya ta biyu: sabunta ADK da WinPE ɗinsa

Kowane sabon WinPE yana zuwa da direbobin da Microsoft ta ƙara a ciki, saboda haka wani lokaci sabunta Windows ADK, kayan aikin Microsoft da ake gina WinPE da su, kaɗai kan kawar da matsalar ba tare da ka nemo komai ba. Ga wanda hotonsa ya kwana biyu, kuma sababbin na'urori ke ta shigowa, wannan gyara ne daga tushe.

Sai dai ba abin da za a yi da gaggawa ba ne ranar da kwamfutoci ke jere suna jira. Tun daga ADK na Windows 11 zubin 22H2 aka cire WinPE mai bit 32, don haka wanda har yanzu yake da tsofaffin na'urori masu bukatarsa zai rasa shi. MDT kuwa zubinsa na ƙarshe, 8456, tun 2019 ya fito, kuma Microsoft ba ta taɓa ba shi goyon baya a hukumance kan Windows 11 ba. Yana aiki, amma da 'yan dabaru: har babban fayil na x86 wanda babu komai a ciki ake ƙirƙira masa don kada ya rufe kansa idan an buɗe shafin WinPE. Configuration Manager shi ma kowane zubinsa yana da jerin ADK da ya amince da su. Kuma ko ka sabunta, katin da ya fito bayan ADK ɗin zai mayar da kai hanya ta farko. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin aikin da ake tsarawa a lokacin hutu, a gwada a gefe, ba maganin gobara ba.

Hanya ta uku: adaftar USB

Laftof da yawa na yanzu ba su da ramin waya kwata-kwata, to a nan ba zaɓi ba ne, dole ce. Amma har ga kwamfutar da ke da rami, adafta guda da ka san WinPE ɗinka ya san ta tana iya fitar da kai kunya. Ka soka, ka ɗora Windows, direban katin ciki ya shiga tare da sauran, ka zare ka wuce ta gaba. Yawancin adaftoci da tashoshin ɗora laftof na manyan kamfanoni guntun Realtek RTL8153 ne a cikinsu, wasu na kasuwa kuma ASIX AX88179, don haka direba biyu sun rufe kaso mai yawa.

Tarkonta biyu ne. Na farko, ba kowace adafta ce famwaya ke yarda ta tashi da ita ta PXE ba. WinPE yana iya saninta sarai, amma UEFI na laftof ɗin ya ƙi nuna ta a jerin abubuwan tayarwa, kuma kamfanoni galibi adaftar da suka ƙera ce kawai suke ba da tabbaci a kanta. Mafita mai sauƙi ita ce ka tayar da WinPE daga filash, adaftar ta ɗauki aikin daga nan. Na biyu ya fi ɓoyuwa: adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa, na adaftar ne, ba na kwamfutar ba. Configuration Manager yana gane na'ura da MAC da kuma lambar SMBIOS, to idan laftof ashirin suka bi ta adafta guda, zai ɗauka na'ura ɗaya ce ke ta dawowa, ta biyun ma sai ya ce ba shi da aikin da zai ba ta. Akwai wurin da ake rubuta irin waɗannan adireshi a saitin tsarin don ya yi watsi da su. Dell da HP da Lenovo kuma suna da saiti a BIOS da ke sa adaftar kamfaninsu ta ari MAC na kwamfutar. Ko wanne ka zaɓa, ka yi shi kafin ka fara, ba bayan rajista ta cakuɗe ba.

Da adafta ɗaya ko biyu, bi-da-bi za ka yi. Ga na'urori biyar ba laifi. Ga ɗakin jarrabawa cike da kwamfutoci, ɓata lokaci ne.

Hanya ta huɗu: a bar waya, a ɗora daga filash

MDT da Configuration Manager duka suna iya haɗa filash mai ɗauke da komai, Windows da direbobi da manhajoji da jerin matakan aiki, ta yadda WinPE ba ya bukatar sadarwa ko kaɗan. Matsalar mataki na biyu, wato na WinPE, ta kau ke nan gaba ɗaya. Inda wuta ba ta da tabbas, ko reshen ofis da ke nesa da sabar, ko inda suwic ɗin ba a hannunka yake ba, wannan hanya tana da daraja fiye da yadda ake ba ta. Laftof mai caji da filash ba ruwansu da an ɗauke wuta a ɗakin sabar.

Abin lura shi ne UEFI ya fi jituwa da FAT32, shi kuma ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, don haka babban install.wim sai an tsaga shi gida-gida da /Split-Image na DISM. Sannan kowane gyara da ka yi sai ka sake rubuta duk filasan, kuma ba a daɗewa za ka tarar da uku a aljihun ma'aikata kowanne da zubinsa. Filash ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin shigar da kwamfuta cikin domen, wato rajistar kwamfutocin ma'aikata, kuwa, in ya faɗi a hanya, ya zama abin damuwa. Kuma kada a manta: wannan hanya ba ta warkar da mataki na uku. Idan babu direban kati a cikin ƙunshin da za a bai wa cikakken Windows, na'urar za ta tashi kurma, ba za ta shiga domen ba, aikin ya tsaya rabi.

Mataki na uku, inda zaɓin ya fi wuya

Idan WinPE ya yi aikinsa lafiya, sai bayan sake tayarwa sadarwa ta ɗauke, to duk abin da ka cusa a boot.wim ba zai amfane ka ba, domin Windows ba ya gadon direbobin WinPE. A nan hanyoyi biyu ne ke takara.

Ɗaya ita ce a tara direbobi wuri guda a bar tsarin ya zaɓa da kansa bisa lambobin na'ura. Saitinta ba wuya, kuma tana karɓar kowace irin kwamfuta. Aibinta shi ne ba ka da tabbacin abin da zai zaɓa: ka ƙara direba don sabuwar HP yau, gobe tsohuwar Dell ta ɗauke shi ta lalace, kai kuma ba ka taɓa komai nata ba. Ɗayar ita ce kowane samfuri da ƙunshinsa. A MDT ana yin haka da DriverGroup001 wanda ke bin sunan kamfani da na samfuri, a Configuration Manager kuma da matakin ɗora ƙunshin direbobi mai sharaɗin WMI a kan Win32_ComputerSystem. Tana cin wuri a faifai, tana cin lokacin shiri, kuma harafi ɗaya ya kuskure a sunan babban fayil, ba direban da zai sauka. Lenovo ma nata salon daban ne, domin a gurbin samfuri lamba take bayarwa irin mai farawa da 20 ko 21, ba sunan ThinkPad da ke rubuce a murfi ba. Duk da haka sakamakonta ba ya sauyawa, abin da ka gwada jiya shi za ka samu gobe.

Ma'aikatar da ke sayen samfuri uku ko huɗu daga kamfani ɗaya ba ta da uzurin ƙin bin ta biyun. Amma makaranta ko cibiyar jarrabawa da ta tara kwamfutocin hannu daga kasuwa, wannan Dell, wancan HP, can ga wata da aka sauya mata uwar allo, ba za ta iya haɗa ƙunshi ga kowacce ba. A irin wannan wuri abin da na ga ya fi shi ne a haɗa biyun: samfuran da suka fi yawa a ba su nasu ƙunshin, ragowar kuma a tanadar musu ƙaramin rumbu mai direbobin sadarwa da na faifai zalla. Da zarar na'ura ta hau intanet, Windows Update zai kawo saura.

Na ambaci faifai da gangan. Daga na'urorin Intel zubi na 11 zuwa sama, idan VMD, saitin Intel mai riƙe da faifai, yana kunne a BIOS, WinPE marar direban Intel RST ba zai ga faifan ba sam. Alamar daban ce, amma cutar ɗaya ce, kuma yawanci rana ɗaya suke zuwa da sabuwar na'ura.

In Linux kake ɗorawa, ko FOG kake amfani da shi

A can direbobi a cikin kanel suke, wato zuciyar Linux, don haka tambayar ita ce shekarun kanel ɗin mai girkawa. Umarnin lspci -nn zai ba ka lambobin nan guda na kamfani da samfuri. I219 na hannun e1000e, I225 na hannun igc, yawancin Realtek na r8169. Sabon kati a kan tsohon kanel, sai ka ɗauki mai girkawa na baya-bayan nan, ko kanel ɗin HWE a Ubuntu, ko ka miƙa faifan direba da inst.dd a dangin Red Hat. Debian ta rage wa mutane wahala tun zubi na 12 a 2023, da ta fara saka famwaya marar 'yanci a cikin faifan girkawa na hukuma. A FOG, manhajar ɗora kwamfutoci ta waya mai aiki a kan Linux, wuri biyu ake dubawa: idan iPXE, mai tayar da na'ura ta waya, ne ya kasa ganin kati, sauya ipxe.efi da snponly.efi don ya jingina da direban famwaya, idan kuma bayan nan ne, sabunta kanel ɗin FOG daga shafin gudanarwa.

To wanne za ka ɗauka?

Sabon samfuri ya shigo da yawa kuma kana da sabar mai aiki: gwada da drvload, cusa wannan direba guda a hoton tayarwa, ka haɗa wa samfurin ƙunshinsa. Na'ura ɗaya ko biyu ce baƙuwa, kuma ba za ka sake ganin irinta ba: adafta, kada ka ƙazantar da hotonka saboda ita. Wuri mai nisa ko wutar da ba ta zama: filash mai komai. Hoto ya tsufa har kowane sabon kaya sai ya ba ka ciwon kai: sa ranar sabunta ADK, ka ajiye kwafin tsohon boot.wim a gefe kafin ka fara. Wanda kuma ke sayen sababbin kwamfutoci kai tsaye daga kamfani, yana da lasisin Intune, manhajar Microsoft ta kula da na'urori ta intanet, da intanet mai ƙarfi, yana iya duba Windows Autopilot, inda ake barin Windows ɗin da na'ura ta zo da shi da direbobinsa a yi saiti a kai. Sai dai ranar da faifai ya mutu aka sa sabo, dole a koma ɗora Windows daga tushe, kuma allon farko na Windows 11 zai nemi intanet, don haka ko a can ana bukatar filash mai direban kati a aljihun tebur.